Hajiya da 'Yar Aike a Hanyar Challawa

A kamfanin da nake aiki a Sharada ba a shiga da waya. Kamfanin biskit ne, ni ina ɓangaren da ake jerawa a kwali. Da safe idan ka zo bakin get sai ka miƙa wa baba maigadi wayarka, ya saka ta cikin wani akwatin katako mai 'yan ramuka kamar ɗakin tattabaru, ya ba ka ɗan ƙarfe mai lamba. Sai an tashi ka dawo masa da ƙarfensa ya ba ka abinka. Haka ake yi a yawancin kamfanonin da na sani, har da na fata da yayana yake aiki a Challawa. Ban taɓa ganin aibin abin ba. Mutumin da hannayensa biyu ke kan aiki tun safe, me zai yi da waya?

Wayar tawa kwancen yayan nawa ce, ya bar mini ita bayan na gama sakandare. Gilashinta da tsaga a kusurwa, cikinta kuma a cunkushe, ko abu ɗaya ka ƙara sai ta fara kukan babu wuri. Dole na goge duk manhajojin hira da zumunta, komai nawa ya koma ta burauza, wato ƙofar da ake bi a shiga intanet. Biyu gare ni. Akwai wadda ta zo da wayar, ba ta goguwa. Ni da ƙawata da muke tebur ɗaya muka sa mata suna Hajiya, saboda ba ta fitowa sai ta gama shiri tsaf. Sai ta ɗaura ɗankwali, ta sa sarƙa, ta fesa turare, sannan ta buɗe maka shafin, komai a wurinsa, da hotuna da launi. Ɗayar kuwa wani mai cajin waya a bakin titi ne ya tura mini, muna ce mata 'Yar aike. Kafin ka rufe baki ta je ta dawo. Sai dai rabin saƙon take kawowa.

Kuma da bakina na sa aka rage mata kaya. Mai cajin ya ce akwai inda ake kashe hotuna don data ta yi auki, na ce ya kashe. Ni dai karatu nake yi da ita, irin littattafan da marubuta ke sakawa babi-babi, a cikin adaidaita sahu da safe da kuma lokacin da na gama wanke-wanke. Rubutu ne zalla. Duk inda hoto ya kamata ya fito sai ta ajiye wani fili ruwan toka ta wuce abinta. Mun sha musu da ƙawata a kansu. Ita tana cewa 'Yar aike ta cika tarkace a fuskarta, talla da labaran da ba wanda ya tambaye ta, ni kuma ina cewa Hajiya sai wanda ba shi da wurin zuwa.

Ranar da nake son ba da labarinta aikin safe muka yi, aka tashe mu gab da la'asar. Tun daga tsakar kamfani na ji babu hayaniyar da aka saba a bakin get. Masu awara da masu rake suna nan, amma ba wanda yake ciniki, kowa ya ɗaga kai yana kallon gefe guda. Hayaƙi ne baƙi ƙirin, ya miƙe kamar an kafa ginshiƙi, can sama ya kwanta. Wani ya ce taya ake ƙonawa, wani ya ce taya ba ta yin haka. Baba maigadi yana miƙo mini wayata yake faɗa wa na bayana cewa Challawa ce, direban wata motar kaya da ya shigo yanzu ya ce daga wajen kamfanonin fata ne.

Na kira yayana. Ta shiga, tana ta ringin. Ina cikin sake kira na tuna inda take ringin ɗin: cikin akwatin katako, a ɗakin maigadinsu. Abokansa da nake da lambarsu duk tare suke shiga aiki, wayoyinsu suna kwance kusa da tasa. Babu mutum ɗaya da ya san abin da ke faruwa a ciki da zan iya samu.

Da safen nan kuwa sai da muka yi cacar baki. Ya zare wayata daga caji ya sa tasa, ya ce shi ne babba kuma cajar tasa ce. Na fita ban yi masa sallama ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai, shi da cajin da na ga bai kai rabi ba.

Na buɗe 'Yar aike. Wurin rubutun nata ɗan siriri ne a can sama, ƙasansa kuma duk tarkacen nan ne. A kullum ban damu ba, yatsana ya san hanya. Ranar kuwa sai na taɓa labarin wata mawaƙiya, na koma baya, na taɓa tallar magani. Da ƙyar na rubuta gobara a kamfani Kano. Ta kuwa yi halinta, nan take ta kawo. Na danna na farko, ya buɗe kamar da ma jirana yake. Na ga an ce ma'aikata sun rasu, na ga an ce an kasa gane wasu. Ban san na zauna a kan dakalin mai awara ba sai da na ji zafin kaskonta a gefen ƙafata.

Ƙawata ce ta karɓe wayar. Ta karanta a hankali, baki na motsi, sannan ta dungure mini kai. Ta ce Bompai ce wannan, kuma tsohon labari ne, tun muna makaranta. Ta nuna mini kwanan watan. Yana nan a ƙasan kanun, da ƙananan baƙaƙe masu dishi-dishi, sai ka kai wayar kusa da hanci. Ta ce in ƙara kalmar yau, in sa Challawa.

Na sa. Shafi ɗaya ne kawai ya ɗauko zancen, 'yan layuka ne ba yawa. Wuta ta tashi a wani kamfani a rukunin masana'antu na Challawa, 'yan kwana-kwana suna ƙoƙarin kashewa, ba a san musabbabi ba tukuna. Ba su faɗi ko wane kamfani ba ne. Amma a ƙasan rubutun akwai filin nan ruwan toka. Sun sa hoto.

Na san kamfanin su yayana daga nesa. Akwai wani dogon tankin ruwa koren fenti mai tsani a jikinsa, ya fi duk gine-ginen layin tsawo. Idan hoton nan ya fito, kallo ɗaya ya ishe ni. Na danna filin, ba abin da ya faru. Na shiga neman inda ake kunna hotuna. Alamomi ne birjik, wasu layi-layi, wasu ɗigo-ɗigo, duk wanda na taɓa sai ya zubo jerin Turanci. Na iya karanta Turanci daidai gwargwado, amma ranar kalmomin sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ƙawata ta ce in bar wahalar da kaina in ba Hajiya aikin. Ta tare mini adaidaita mai zuwa Panshekara, ta tura ni ciki. Ita goyo ta bari a gida, ba ta iya bi na.

'Yar aike ba ta nuna cikakken adireshin shafi, ta ɓoye shi don wurin ya yi kyau, don haka sai da na sake rubuta komai daga farko a wurin Hajiya. Ita kuma kafin ta motsa sai da ta tambaye ni ko ina son a sabunta ta. Na ce a'a. Fuskar wayar ta yi fari fat, wani siririn zare ya fara rarrafe a sama daga hagu zuwa dama.

Ba mu yi nisa ba wata mata ta tsayar da mu. Za ta girme ni sosai, ta yafa mayafi a kan kayan zaman gida, hannunta duk garin tuwo. Ta ce Challawa tun kafin ta zauna. Da ta ga yadda na riƙe wayar da hannu biyu sai ta matso har kafaɗarmu ta haɗu. Ta tambaya ko labarin wutar nake nema, na ce eh. Ta ce maigidanta a kamfanin roba yake, inda ake yin bokitai da kujeru, mai dogon rufi shuɗi. Tata wayar 'yar ƙarama ce mai madannai, ta kira har ta gaji. Na ce nawa yayana ne, a na fata, mai koren tanki. Muka zuba wa zaren ido.

“Me ta ce, 'yar nan?”

“Ba ta ce komai ba tukuna, Anti. Tana zuwa.”

Ɗan adaidaitan yana jin mu. Ya leƙo ta madubi ya ce ko wayar tawa irin tsohuwar motar nan ce da sai an tura, in faɗa masa ya tsaya ya sauka. Ba wadda ta yi dariya. Sai ya gyara murya ya ce in miƙa hannu waje in ɗaga ta sama, wani lokacin sabis a sama yake. Na kuwa yi, iska tana neman fizge ta.

Rubutun ya fara fitowa daidai Ja'en, unguwarmu. Daga titi ina hango kwanar layinmu. A nan kiran Umma ya shigo. Na ɗaga. Ta ce maƙwabta sun shigo mata da zance, na samu yayana? Na ce ina hanya, ta yi ta addu'a, zan kira ta. Da na katse na koma, shafin ya koma fari. Wayar tawa ba ta haɗa kira da data, da zarar kira ya shigo sai datar ta ɗauke, Hajiya kuma ba ta san ta ci gaba daga inda ta tsaya ba. Ta koma ɗaki ta fara ɗaurin ɗankwali daga farko.

Da Umma ta sake kira na kalli sunanta yana haske, na danna ja. Ban taɓa katse wa mahaifiyata kira ba tun da na fara riƙe waya. Matar ta ga abin da na yi, ta kau da kai. Umma ta sake kira, na sake katsewa, kuma kowane kira sai ya ci wani abu daga tafiyar zaren. Wayar ta ɗau zafi a tafin hannuna, alamar cajin ta koma ja.

A titin Panshekara muka shiga cunkoso. Manyan motoci sun jeru, ana ta oda, motar kwana-kwana ta wuce ta ɗaya hannun da jiniya. Yanzu har warin muna ji, wani wari mai kama maƙoshi. Na yi ƙoƙarin gane ko na fata ne ko na roba, na ga ita ma ta buɗe hanci tana shaƙa. Muka haɗa ido, kowacce ta sunkuyar da kai.

Rubutun ya dawo, kanun ya fito da manyan baƙaƙe, aka buɗe wa hoton wurinsa. Na kai yatsa zan jawo shi tsakiya, a daidai lokacin wata talla ta faɗo daga sama ta ture komai ƙasa, yatsana ya sauka a kanta. Sai ga ni a shafin masu cacar ƙwallo, wani mutum yana mini murmushi. Shi wannan shafin bai ɓata lokaci ba wajen buɗewa. Na ji kamar in yi jifa da wayar ƙarƙashin tirela. Matar ta dafa gwiwata ta ce in koma a hankali, kada in ƙara taɓa komai. Na koma. Na ɗora wayar a kan cinyata, na sa hannayena a ƙarƙashin hijabi don kada su yi mini karambani.

Daga sama hoton ya fara saukowa, kamar ana sakin labule. Sararin sama tukuna. Sai hayaƙi, ya ci wuri mai yawa, na ɗauka ma duk hoton hayaƙi ne. Sai kan falwayar lantarki da wayoyinta. Ya tsaya a nan. Ina jin numfashin matar a kunnena, tana karanta wani abu ƙasa-ƙasa. Idan akwai tanki, a nan ya kamata kansa ya ɓullo, don ya fi falwaya tsawo. Ban yarda da lissafin nawa ba, na ce ƙila daga wani gefen aka ɗauka. Sai labulen ya ƙara sauka.

Rufi ne dogo, shuɗi, tsakiyarsa ya lotsa.

“Alhamdu lillahi.”

Ni na faɗa. Ban shirya ba, fita ya yi da kansa, kuma da ƙarfi, har ɗan adaidaitan ya juyo. Sai da ya fita na tuna wadda ke jingine da kafaɗata.

Ta sa hannu ta ɗauki wayar daga cinyata, ta ɗora yatsu biyu ta buɗa hoton. Abin da Hajiya ta yi da sauri ke nan a duk ranar, ta ƙara girmansa nan take, tas, har ana ganin layin kwanon rufin. Matar ta ja shi hagu, ta ja shi dama, ta sauko ƙasa inda mutane suka yi cirko-cirko ƙanana kamar tururuwa. Na ce mata ai ƙila kowa ya fita, wuta da rana ce, ƙofofi a buɗe suke. Ban sani ba ko ta ji. Ta miƙo mini wayar da garin tuwo a gilashin.

“Na gode, 'yar nan. Allah Ya sa ki tarar da naki lafiya.”

Ta sauka a tsakiyar motoci ta kama gudu, mayafin yana jan ƙasa. Ɗan adaidaitan bai kira ta ta biya kuɗinsa ba. Can ya ce mini gaba an tare hanya, in ina da ƙafa gara in bi ta. Na sauka, amma ban ƙara ganin ta ba, mutane sun yi yawa.

Hoton bai kwantar mini da hankali yadda na zata ba. Ina tafiya ina cewa ai wuta tana tsallaka katanga, kuma wa ya san tun yaushe aka ɗauki hoton. Sai da na hango koren tankin da idona, a tsaye, hayaƙin yana can bayansa da tazara, sannan hankalina ya kwanta.

An sallami ma'aikatan layin gaba ɗaya. A bakin get ɗin su yayana maza sun yi dafifi a tagar maigadi, kowa ya ɗaga ɗan ƙarfensa sama. Abin da na fara ji kafin in ga kowa shi ne akwatin. Duk wayoyin da ke ciki ringin suke yi lokaci guda, wannan karatu, wannan waƙa, wannan kiran salla, wasu kuma gurnani kawai suke yi a jikin katako. Maigadin ya rikice, yana ɗauko wannan yana mayarwa. Har yau idan wayoyi biyu suka yi ƙara tare a kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Ta takalmin robansa na gane shi, dogo har gwiwa, ya yanke bakin na hagu saboda yana cin masa ƙafa. Na riƙe masa riga ta baya. Ya juyo, ya dube ni sama da ƙasa.

“Auta? Ke kuma me ya kawo ki nan cikin maza?”

Na ƙara damƙe rigar. Ya tambaya ko Umma ta sani, na ce katse mata kira na yi ta yi. Ya ce lallai yau na ci abinci na ƙoshi. Ya karɓi wayata zai kira ta, ya ga ta mutu, ya ce kullum ba ni da caji. Wannan ce ta sa ni kuka, a nan gaban abokansa, har ɗaya daga cikinsu ya ba shi tasa wayar da ya samu karɓa. Ina jin muryar Umma daga inda nake tsaye.

A gida ba ta yi mini faɗan kiran ba. Ta ce dai lokacin da na katse na farko ta ɗauka na riga na ji ne, na rasa yadda zan faɗa mata. Na gwammace da zagina ta yi.

Bayan kwana biyu ina zaune a tsakar gida na nemi wurin kunna hotunan nan na 'Yar aike. Ban sha wata wahala ba, yana nan kusa, ƙarƙashin wata alama mai kamar haƙoran inji. Da hankali a kwance ko yaro zai gano shi. Na kunna, sai ga shi ita ma ta koyi jan ƙafa. Da na ba ƙawata labari ta tambaye ni to yanzu wa ya ci musun. Na ce ban sani ba. Ɗaya ta kawo mini mutuwar da ba tawa ba cikin ƙiftawar ido, ɗayar ta riƙe gaskiya tun daga Sharada har titin Panshekara tana gyara ɗauri. Na ce duk wanda ya ƙera su a zaune ya gwada su, a wuri mai sanyi, ba wanda yake kiran sa.

Yayana ya karɓo lambar maigadinsu, ni ma na roƙi baba maigadi tasa, muka sa wa Umma a wayarta. Da zan karɓa na tambaye shi ko wayoyinmu suna ƙara a akwatin idan muna ciki. Ya ce wuni suke yi. Na ce ba ya ɗagawa? Ya ce ba a ba shi wannan izinin ba.

Littafin da nake karantawa yana nan inda na tsaya, na kasa komawa. A cikin adaidaita fuskokin mata nake bi da kallo, ko zan ga matar nan. Na nemi ƙarshen labarin wutar ta wurin Hajiya da 'Yar aike, 'yan layukan nan ne dai, ba a ƙara komai ba. A unguwa wasu sun ce kowa ya fita, wasu sun ce an kai mutane asibiti, yayana ya ce shi ma ji yake yi. Hajiya tana da wata ɗabi'a, duk lokacin da ka buɗe ta sai ta mayar da kai shafin da ka bari. Yanzu hoton ba ya jan lokaci, ta riga ta ajiye shi. Da safe kafin in miƙa wayar ta taga nakan buɗa ƙasan hoton da yatsu biyu, in bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ina neman mijin matar nan, mutumin da ban taɓa gani ba, har sai na bayana sun ce in matsa.